Zumuntar da Ta Cinye wa Keziah Hutu

Ba da son ranta Keziah ta je jihar Misisifi ba. Shekarunta goma sha bakwai, ƙawayenta duk suna Shikago, sun gama tsara yadda za su ci hutun bazara a bakin tafki, sai kawai mahaifiyarta ta ce asibitin da take aiki sun mayar da ita aikin kwana, kuma ba za ta bar budurwa ita kaɗai a gida ba. Keziah ta yi kuka, ta yi gaba, ta kulle kanta a ɗaki. Duk wannan bai hana a saka ta a jirgin ƙasa ba, aka tura ta wurin kakarta Odessa, wadda duk dangi suke kira Mama Babba.

Makon farko a kan kujerar baranda ta yi shi, tana korar sauro tana cika tana batsewa. Zafin garin irin mai damshin nan ne, kana fitowa daga wanka kana neman wani wankan. Da Mama Babba ta gaji da ganin bakin nan a ture, sai ta ce, "Tashi ki je gidan mai ki sayo mini madara. Ki tafi a hankali, ko fuskar nan taki ta saki a hanya."

A gefen gidan man akwai wata rumfar katako mai shuɗin fenti, inda ake goga ƙanƙara a tula a kofi, a kwarara mata ruwan zaƙi. Wani dogon saurayi ne a ciki, baƙi sumul, gashinsa ya yi buzu-buzu, ga ƙahon busa na tagulla rataye a ƙusa a bayansa.

"Wace kala?" ya tambaye ta.

"Kowace."

"Babu kowace a nan. Akwai ja, akwai shuɗi, akwai kuma wata da na haɗa da hannuna, har yau dai ba wanda ta kashe."

Ta danne dariyarta da ƙyar. "Ba ni mai kisan."

Yana goga ƙanƙarar yana kallonta ta gefen ido. "Ke ce 'yar Shikagon Mis Odessa."

"Wa ya gaya maka?"

"Tun jirginki bai tsaya ba gari ya sani. Kuma ba mai saka baƙin wando mai kauri a watan Yuni sai baƙo."

Sunansa Delmar Tillery. Shi ma ba ɗan garin ba ne sosai, bara waccan suka dawo daga wata gunduma shi da mahaifinsa. Yana busa ƙaho a ƙungiyar makaɗan makarantarsu, idan ba masu saye sai ya zauna bayan rumfa ya yi ta maimaita waƙa ɗaya har karnukan unguwa su tanka masa. Ran nan sai da Mama Babba ta leƙo titi tana neman madararta.

Daga nan madara ta riƙa ƙarewa da wuri a gidan. Idan ba madara ba, to sukari ne, ko sabulu. Keziah takan zauna a kan akwatin ƙanƙara tana kaɗa ƙafa, yana tsokanarta da cewa tana magana kamar ana bin ta da gudu, ita kuma tana ce masa kafin ya gama jimla ɗaya mutum ya isa ya dafa wake. Ya kai ta bakin kogi ya koya mata saka tana a ƙugiya. Ta yi ihu ta yar, sannan ta kama tarwaɗar da ta fi tasa girma, ta hana shi sakat da gori har suka dawo.

Wata Asabar ta ce ta gaji da ganin kan nan nasa kamar sheƙar tsuntsu. Ta kifa bokiti ta zaunar da shi, ta fito da mataji da mai. Keziah ta iya kitso, tun tana ƙarama take yi wa 'yan benensu. Da farko yana ta surutu yana cewa ta tausaya masa, can sai ya yi shiru. Ba a jin komai sai kukan injin sanyaya ƙanƙara. Da ta ɗaure jelar ƙarshe, bai tashi ba, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Gobe in an tashi daga coci, zan raka ki gida. Ta ƙofar gaba."

Ta san abin da ƙofar gaba take nufi. Ranar ta fitar da rigunanta kaf ta baje a gado.

Da suka iso washegari, Mama Babba tana baranda tana ɓarar wake ita da ƙanwarta Anti Loretha, wadda gidanta yake tsallaken titi, kuma ko kaza ce ta gifta sai ta san ta wace ce. Delmar ya cire hula ya gaishe su da ladabi.

"Matso nan, saurayi," in ji Anti Loretha. "Wannan kitson na san hannun da ya yi shi. Su wa ne mutanenka?"

"Tillery, Ma. Babana Curtis, mai tuƙa babbar mota."

"Curtis na wa?"

"Na Hosea, Ma. Ban taso na same shi ba, ya rasu kafin a haife ni."

Hannun Mama Babba ya tsaya cak a cikin kwano. Ta dubi ƙanwarta. "Hosea namu?"

"Ke dubi goshin mana!" Anti Loretha ta tafa hannu. "Ubangiji mai iko! Dubi tsayin!"

Kafin Keziah ta gane abin da ake ciki, Mama Babba ta miƙe, wake ya watse a ƙasa, ta rungume Delmar tana hawaye. "Yaro, kakanka a gidanmu ya tashi. Ɗan'uwanmu ne. Shi yake goya ni zuwa makaranta in ruwa ya cika hanya. Tun jana'izarsa muka daina jin ɗuriyarku, ashe kuna nan kusa da hancina!"

Keziah ta ji kamar an watsa mata ruwan ƙanƙarar rumfar gaba ɗaya. "Ɗan'uwa ta ina, Mama Babba?"

"Ɗan ƙanin babanmu ne."

"A'a," in ji Anti Loretha. "Ɗan yayar mamanmu dai."

"To in ɗan ƙanin babanku ne, me ya sa sunansa Tillery, ku kuma Rucker?" in ji Keziah.

"Shi ya sa na ce ta wajen uwa ne."

"Loretha, lokacin ko tafiya ba ki fara ba, me kika sani? Baba da ƙaninsa ba ubansu ɗaya ba."

Suka yi ta ja-in-ja, kowace tana jawo sunayen matattu suna ba ta shaida. Can Mama Babba ta lura da rigar da ke jikin jikarta, ta lura da yadda su biyun suka tsaya kafaɗa na gogar kafaɗa. Fuskarta ta canza.

"Ko ta ina ne, jini jini ne," ta ce a hankali. "A gidan nan ɗan'uwa ba ya neman 'yar'uwa, ko da a can nesa suka haɗa kaka. Kun ji ni. Delmar, wuce ciki ka wanke hannu, abinci ya nuna."

Abin da ya fi ƙona wa Keziah rai shi ne, ba a kori Delmar ba. Da korarsa aka yi, da ta san da wa za ta yi faɗa. Maimakon haka sai ya zama ɗan gida. Shi ke yanke ciyawar tsakar gida, shi ke gyara ƙofar raga, shi ke kai Mama Babba kasuwa a tsohuwar motar babansa. Kullum da yamma ga shi a tebur, daidai saitinta, ana tula masa kaza da kuɓewa da burodin masara, yana ci yana lumshe ido. Ba mai sa musu ido ko kaɗan. "Keziah, raka ɗan'uwanki ya ɗauko tsani." "Keziah, zuba wa ɗan'uwanki shayi, ki sa ƙanƙara da yawa." Suna iya yini su biyu a falo, amma Delmar zai zauna a wancan ƙarshen kujera, hannuwansa a kan gwiwa kamar mai jiran likita.

Rannan ya miƙo mata gishiri ya ce, "Ungo, 'yar'uwa."

Ta bi shi har bakin mota. "Ka sake kirana da sunan nan, sai na lanƙwasa ƙahon nan naka a wuyanka."

"Wasa nake yi."

"Ka ga ina dariya?"

Ta kira mahaifiyarta a waya. Ta same ta a gajiye, tana hamma. "Kezi, a garin nan in kika jefa dutse kan ɗan'uwanki zai faɗa. Na sha jin ana cewa Kawu Hosea, iyakar sanina ke nan. Ki nemi wani abin yi." Ta sa Delmar ya kira babansa, wanda yake can kan hanyar Tekzas da kaya. Shi ma ya ce tsohonsa ba mai yawan magana ba ne, ya dai taɓa cewa su Rucker mutanensa ne. Mutum ɗaya ya rage wanda ya girmi Hosea, wato Kawu Lucius, babban wan su Mama Babba, da ke zaune a Ditroit wurin 'yarsa. Ya haura casa'in, kunnensa ya yi nauyi. Keziah ta samo lambar ta kira. Tsohon ya saurara, ya ce shi ba ya sayen komai, ya kashe. Ta sake kira, ya ce zai haɗa ta da 'yan sanda.

"Ki bari sai taron dangi," in ji Delmar. "Mama Babba ta ce zai zo."

"Taron dangi a watan Agusta ne! Ana gamawa zan tafi!"

Kamar wannan bai isa ba, sai ga Shavonne, wata mai waƙa a cocinsu, ta tare ta a bakin ƙofa bayan an tashi, ta riƙe mata hannu kamar tsohuwar ƙawa. "Ashe Delmar ɗan'uwanki ne! Har hankalina ya kwanta. Don Allah ki ɗan sa mini baki mana. Wane irin kek yake so?"

"Ba ya cin kek," in ji Keziah. "Kuraje yake sa masa." Ta fizge hannunta.

Da yammacin ranar ta sami Delmar a bakin kogi yana kamun kifi, ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Kai abin nan ko a jikinka, ko?"

"Me kike so in yi, Kezi?"

"Ka ji haushi! Ka yi wani abu! Tsofaffi biyu sun kasa yarda da juna ta ina aka haɗu, kai kuma ka karɓa hannu bibbiyu, kana ta narka ƙiba a teburinmu."

"In kuma gaskiya ne fa?"

"In ba gaskiya ba ne fa? Yuli ya kusa ƙarewa, Delmar. Ni kaɗai nake ta buga waya kamar mahaukaciya."

Ya daɗe yana kallon igiyarsa a ruwa. "Matar nan ta rungume ni tana kuka," ya ce. "Ba zan ci abincinta da yamma in zagaya in ci amanarta ba. Sai mun tabbatar."

Ta san yana da gaskiya, kuma sanin hakan ya ƙara tunzura ta. Ta shuri gwangwanin tanarsa ya faɗa ruwa, ta juya ta tafi. Ya kira sunanta, ba ta waiwaya ba. Daga ranar in ya zo cin abinci sai ta ɗauki farantinta ta koma baranda wurin sauro.

Taron dangin Rucker a filin bayan coci ake yin sa. Tun safe motoci suke shigowa daga Memfis, daga Atlanta, daga Sen Luwis, kowa sanye da ankon riga ruwan ɗorawa mai hoton bishiya a ƙirji. Maza sun kewaye tukunyar suyar tarwaɗa kowa yana koya wa ɗan'uwansa yadda ake yi, hayaƙin gashi ya turnuƙe, an fasa kankana an jere a tebur, kiɗa yana tashi, 'yan mata da iyayensu sun shiga layi suna taka rawa iri ɗaya. Keziah tana ɗauke da tiren masara ta hango Delmar. An ba shi rigar shi ma. Ta yi masa ɗas, sai washe baki yake, wasu kawunnai suna dafa kafaɗarsa suna cewa Hosea sak. Ta dire tiren da ƙarfi har masara biyu suka gangara.

Kawu Lucius yana ƙarƙashin babbar bishiya a keken guragu, da farar hula da sanda a kan cinya. Ta jira har masu gaisuwa suka ragu, ta durƙusa a gefensa.

"Kawu, ni ce Keziah, jikar Odessa."

"Wa?"

"Jikar Odessa!"

"To, to. Kin yi kama da ita lokacin tana da haƙora."

"Kawu, tambaya gare ni. Hosea jininku ne?"

"Hosea ya mutu ai."

"Na sani! Na ce jininku ne?"

Ya karkato kunne, ya tattare goshi. "Ɗaga murya, yarinya, ba ki ci abinci ba ne? Me ya haɗa ki da Hosea?"

Takaicin wata biyu ya taso mata har wuya. Ta buɗe murya iyakar ƙarfinta. "Jikansa nake so! Ina son in san ko ɗan'uwana ne!"

Ba ta san an kashe kiɗa don fasto ya yi addu'ar abinci ba. Maganarta ta ratsa filin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Mai suya ya tsaya da matsami a sama. Wata daga cikin 'yan Atlanta ta ce, "Kai, jama'a!" Keziah ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige.

Kawu Lucius kuwa ya ji sarai. Ya kwashe da dariya har da tari. Da ya lafa, ya share ido, ya dubi taron, sai dariyar ta gushe.

"Babu ɗigon jini ɗaya tsakaninmu da Hosea," ya ce. Shi da ba ya ji, da ƙarfi yake magana. "Uwarsa Idella maƙwabciyarmu ce, tare suke tsinkar auduga da Mama. Mijinta ya mutu, ta ce za ta je biranen Arewa neman aiki, in ta samu ɗaki ta dawo ta ɗauke shi. Ta kawo shi da ɗan ƙunshin kayansa, ni na karɓa. Bai wuce shekara huɗu ba. Kullum yana bakin hanya yana jira. Ba ta dawo ba, ba mu kuma taɓa jin abin da ya same ta ba. Da yara suka fara kiransa yasasshe, Mama ta tara mu ta ce daga yau Hosea ɗan'uwanku ne, duk wanda ya ce ba haka ba sai ta karya masa tsintsiya a baya. Odessa tana goye lokacin, Loretha ba a ma haife ta ba. Ni kaɗai na rage da na sani. Ba wanda ya taɓa tambayata."

Mama Babba ta nemi kujera ta zauna, ta toshe baki da gefen rigarta. Keziah ta miƙe, murna da kunya sun cakuɗe mata. Ta juya tana neman Delmar don su haɗa ido. Sai bayansa ta gani, yana ratsa motoci yana fita, kansa a ƙasa.

A bayan rumfar ƙanƙara ta same shi, zaune a ƙasa ya jingina da katako. Ta yi gudu har numfashinta yana sarƙewa.

"Ka ji abin da ya ce? Babu komai! Delmar, babu komai tsakaninmu!"

"Na ji. Duk garin ma ya ji."

"To shi ne ka zauna kamar an yi maka mutuwa?"

Ya ja wuyan rigar ankon ya duba bishiyar da ke jiki. "Yaro ɗan shekara huɗu a bakin hanya," ya ce. "Babana ma bai sani ba. Ni zan gaya masa."

Wannan ko kusa bai zo mata a rai ba.

"Kin san kafin ki zo a tsaye nake cin abinci, a gaban firji? Mamata ta rasu ina aji biyar. Baba yana hanya kullum. Sai ga mutane sun cika fili, kowa yana ce mini namu." Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Na san kin ji haushina. Allah ya sani duk ranar da na zauna a teburin nan ina kallonki, abincin da ƙyar yake wucewa. Amma duka biyun nake so, Kezi. Ke da su. Na san ba zai yiwu ba, na dai so."

Ta zauna kusa da shi a cikin ƙura, ba ta damu da rigarta ba. Tana son ta ba shi haƙuri, tana kuma son ta rufe shi da duka don bai faɗa mata haka tun a bakin kogi ba. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Kai wawa ne."

"Na sani."

"Ni ma haka."

"Wannan kam yau an shaida."

Ta kai masa duka a kafaɗa, ya kama hannun bai saki ba. Ba su daɗe a haka ba suka ji tsayuwar mota. Anti Loretha ce a sitiyari, Mama Babba ta fito da faranti a rufe, idanunta jawur.

"Tashi tsaye in ina maka magana," ta ce wa Delmar. Ya miƙe zumbur. "Uwata ta ce Hosea namu ne. Ban ga wanda ya isa ya warware maganarta ba, ko Lucius. Kujerarka tana nan a teburina har ranar da za a fitar da ni daga gidan. Rigar nan kuma in ka cire ta, ni da kai ne. Karɓi, ka tafi ba ka ci komai ba."

Delmar ya karɓi farantin da hannu biyu.

"Sai dai kuma," Mama Babba ta juyo kan Keziah, "tunda babu jini, to ba sauran zaman falo ku biyu. Ba kogi, ba ɗauko tsani. Wanda yake son ganin jikata ya zo baranda, ina zaune."

"Mama Babba! Wata biyu kina tura mu ko'ina mu kaɗai!"

"Lokacin ɗan'uwanki ne. Shiga mota."

'Yan kwanakin da suka rage haka suka tafi. Delmar yakan zo da yamma da guga a rigarsa, ya zauna a kujera ɗaya, Keziah a ɗaya, Mama Babba a tsakiya tana fifita. In ta shiga duba tukunya, Anti Loretha ta tsallako titi ta karɓe ta, har da kawo nata kofin shayi. Duk maganar da Delmar ya fara, sai Anti Loretha ta ƙarasa masa ita da labarin wani mamaci. Keziah ta yi tsaki a kwanakin nan har Mama Babba ta ce in ba ta daina ba haƙoranta za su zube.

Ranar tafiya Delmar ne ya kai su tasha a motar babansa mai kujera ɗaya doguwa. Mama Babba ta shige tsakiya da jakarta a cinya. Da suka isa, ta duba hanyar jirgin, ta duba su, ta gyara tabarau.

"Jirgin nan bai taɓa zuwa a kan lokaci ba tun ina budurwa," ta ce. "Zan shiga ciki in zauna inda akwai sanyi. Ƙafata tana ciwo, ba zan fito da wuri ba."

Ta tafi tana ɗingishin da Keziah ba ta taɓa ganin ta da shi ba. Suka tsaya su biyu a kan dandamali, rana tana dukansu. Delmar ya share gumi, ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki.

"Kezi, tun ranar da kika zo sayen madara..."

Sai ga kukan jirgi daga bayan gonaki.

"A'a," in ji Keziah. "A'a! Yau ɗin? Yau ya ga damar zuwa da wuri?"

Komai ya rikice. Mama Babba ta fito da sauri, ɗingishi ya warke, tana cusa wa Keziah ƙunshin kaza. Ma'aikacin jirgi yana ta kiran a hau. Delmar ya jefa akwatinta ciki, ya juyo, ya sumbace ta a goshi a gaban kakarta, ya ce wani abu da ƙarar injin ta haɗiye. Aka rufe ƙofa.

Ta zauna a bakin taga tana huci, hawaye na zuba, ƙunshin kaza a cinyarta. Jirgin bai gama wuce gonakin waken suya ba wayarta ta yi ƙara.

"Ban gama maganata ba," in ji Delmar.

"Da ka yi sauri ai da ka gama. Wata biyu ka ɓata mana."

"Ni na ɓata? Wa ya koma cin abinci a baranda?"

"Wa ya ce mini 'yar'uwa?"

Daga can gefensa ta jiyo muryar Mama Babba tana cewa ya ajiye waya ya tuƙa ta gida, zafi zai kashe ta. Ya ce to, Ma, yanzu, Ma. Bai ajiye ba. Suna wannan musun har jirgin ya shiga jihar Tenesi, matar da ke kujerar gaba ta waiwayo ta ce wa Keziah don Allah ta bar yaron nan ya faɗi abin da yake son faɗa, kowa ya huta.